Ƙwallon Yara: Kariyar Ƙwauri Da Buɗe Baki

Ina gaida wadda ke gindin murhu, da wadda ke kan keken ɗinki, da mai suyar awara da ta jingina rediyo da bango tana saurare da kunne ɗaya. Yau zancen ƙwallon ƙafa za mu yi. Na san wata za ta ce, to mu ina ruwanmu da ƙwallo, mu da ko zaure ba mu leƙawa sai da dalili? Ai kuwa da ruwanmu. Ƙafar nan da ake tokara a fili a ɗakinki take kwana, in kuma ta kumbura ke ce za ki raba dare kina gasa ta.

Mu nan Unguwar Dosa, da an sallame sallar la'asar sai ki ji gida ya yi tsit, yaran maza sun zame ɗaya bayan ɗaya. Wasu filin makaranta suka nufa, wasu kangon da ba a gina ba, wasu kuma lungun bayan gidanki ne, an ajiye duwatsu biyu an ce raga ce. Haka abin yake a Badarawa da Kawo da Unguwar Kanawa. Kada kuma ki ga laifinsu da yawa, gari ne na ƙwallo aka haife su a ciki. Marigayi Rashidi Yekini, wanda ya ci wa Nijeriya ƙwallonta ta farko a gasar cin kofin duniya a 1994, a Kaduna aka haife shi, a ƙungiyar masaƙar UNTL ya fara. Daniel Amokachi daga Ranchers Bees ya fito. Shi da Tijjani Babangida da Garba Lawal da Celestine Babayaro, duk haihuwar Kaduna ne, kuma duk suna cikin waɗanda suka ciyo zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996. Filin wasa na Ahmadu Bello ya karɓi gasar matasa ta duniya a 1999, ya sake karɓar ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Yaron da ya tashi yana jin waɗannan sunaye a bakin babansa, ki ce masa kada ya taɓa ƙwallo? Zai ce miki to, ya fita da sunan aike, ya je ya buga. Bambancin kawai shi ne, yanzu in ya ji ciwo ba zai gaya miki ba.

Wannan ɓoyon shi ne abin da ya sa na ɗauko zancen. Bari in ba ki labarin ɗan yayata. Shekararsa 11 a lokacin, an hana shi ƙwallo, ya saci jiki ya je, ƙafa ba takalmi, ya taka fasasshiyar kwalba. Ya dawo gida ya lallaɓa ya cusa tsumma a wurin, ya sa dogon wando, yana ɗingishi sai in ba a kallonsa. Kwana huɗu yana haka. Uwar ta lura tun rana ta biyu, amma ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta ce zo in duba ƙafarka a gaban kishiya da surukuwa. Shi yana tsoron duka, ita tana alkunya. Sai da zazzaɓi ya kwantar da shi, tafin ƙafar ya yi suntum yana ruwa, sannan aka kwashe shi sai asibiti. Allah ya sa kwanansa na gaba, amma zangon karatu guda ya tafi a jinya, kuɗin da aka kashe kuwa da ya sayi takalmin ƙwallo ya fi a ƙirga. Abu biyu suka haɗu suka kayar da yaron nan: rashin takalmi da rashin magana. Su za mu bi yau.

Mu fara da ƙwauri. Ki sa hannu ki shafa gaban ƙafarki daga gwiwa zuwa idon sawu. Kin ji ƙashi ne kawai da fata, babu tsokar da ta rufe shi. Nan ne kuma inda ƙafar abokin wasa ta fi sauka in ya kai wa ƙwallo hari ya kuskure. Shi ya sa aka yi abin kare ƙwauri, wanda yara ke kira shin-gad, wata 'yar roba ce mai tauri da soso a cikinta, ana ɗora ta a ƙwauri a ja doguwar safa a rufe. Ba sabon abu ba ne. Tun 1874 wani ɗan wasa a garin Nottingham na Ingila, Sam Widdowson, ya yanke irin kariyar da ake sawa a wani wasan daban ya ɗaura a ƙafarsa, aka yi ta yi masa dariya, daga baya kowa ya bi shi. A 1990 hukumar da ke tsara dokokin ƙwallo ta duniya ta mayar da shi dole. Yau a doka, ɗan wasa ba ya shiga fili sai da riga da gajeren wando da safa da takalmi da abin kare ƙwauri. Wato manyan da ake biya miliyoyi, masu likita a bakin fili, an tilasta musu, amma namu yaran da ke wasa a kan tsakuwa su ne ke fita haka nan.

Yadda yake aiki shi ne, in duka ya zo, maimakon ya taru a wuri guda kamar kan guduma, sai robar ta baza shi, soson ya shanye saura. Ba zan ce miki yana hana karaya duk lokaci ba, ƙarya ke nan. Amma yana rage ƙarfin dukan, yana hana yankewa da ƙujewa da kumburin nan da ke hana yaro tsayuwa a sahu. In za a saya, ki auna da kanki: ya fara kamar yatsu biyu ƙasa da gwiwa, ya tsaya kamar yatsu biyu sama da idon sawu. Ga ƙananan yara wanda ya haɗa da kariyar idon sawu ya fi. Kada ki yarda ɗanki ya ce miki ɗan mitsitsin nan yake so irin na 'yan wasan da yake gani a talabijin, wanda bai fi tafin hannun jariri ba. Wannan gayu ne, ba kariya ba.

In babu halin saye fa? Yara kan cusa kwali a safa. Kwali da ya sha gumi ya zama tuwo, ba ya tare komai. Ke da kike da keke ko allura, ki samo tsohon silifas mai kauri, ki yanke shi daidai ƙwaurin yaron, ki shimfiɗa masa soson katifa siriri ta ciki, ki ɗinke cikin ƙyalle, ki sa masa roba ta baya. Bai kai na kanti ba, amma ya fi babu nesa ba kusa ba. Ki riƙa wanke shi kina shanyawa kuma, don gumin da ya kwana a ciki yana kawo ƙuraje.

Sai takalmi. A nan iyaye kan yi kuskure biyu. Na farko, a sayo babba a ce zai girma da shi. Ƙafar da ke yawo cikin takalmi ita ce ke gurɗewa. Faɗin babban yatsan hannu a gaban yatsun ƙafa ya isa. Na biyu, a ɗauka dole sai but mai dogayen ƙusoshi a ƙasa. Wancan na filin ciyawa ne mai laushi. Filayenmu kuwa da hunturu ya shigo ƙasa ta zama kamar daɓe, ƙusa ba ta nitsewa, sai yaro ya zama kamar mai tafiya a kan duwatsu, ga zamewa, ga ciwon dunduniya. A irin wannan ƙasa kambas mai kyau ko takalmin ƙwallo mai ƙananan haƙora da yawa ya fi. Na gwanjo ma ya yi, in dai ƙasansa bai cinye ba. Kasuwar Barci an daɗe da saninta da gwanjo, ga kuma kasuwar Talata ta Kawo nan kusa da mu. Ki tsayar da yaron a kan takarda ki zana ƙafarsa, ki ba mai zuwa kasuwa ya tafi da ita. Dabara ce ta mu da ba mu fita, kuma tana aiki.

Dalilin da ya sa nake nanata takalmi ya wuce yankan kwalba. Ƙwayar cutar sarƙe-haƙora, wadda likitoci ke kira tetanus, a cikin ƙasa take zaune da kashin dabbobi. To ki tuna filin da yaranmu ke wasa shi ne inda ake ɗaure raguna gabanin babbar salla, shanu su ratsa, a watsar da ƙusa da gwangwani. Ciwo mai zurfi ɗan ƙarami ya ishe ta shiga, kuma takan ɗauki daga kwana 3 zuwa mako 3 kafin ta nuna kanta, lokacin an ma manta da ciwon. Allurar da ake yi wa jarirai a mako 6 da 10 da 14 tana ɗauke da rigakafinta, amma ƙarfinta na raguwa da shekaru. Saboda haka in ƙusa ko kwalba ta soki yaro, a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a kai shi asibiti a ranar, a tambaya ko yana buƙatar allura. Ban da toka, ban da ƙasa, ban da man birki. Wannan na man birkin ban san wanda ya koya mana shi ba, Allah ya yafe masa.

Mai tsaron gida, wato gola, shi ya fi kowa faɗuwa, don haka dogon wando da riga mai dogon hannu da safar hannu za su rage masa ƙujewa. Zobe da sarƙa da agogo a cire, doka ma ta hana. A ba shi gorar ruwa tasa, musamman a zafin Maris da Afrilu, balle in yaron mai sikila ne, wanda ƙishirwa ke tayar wa da ciwo. Da damina kuma in an fara walƙiya da tsawa a bar fili, ba a fakewa gindin bishiya.

Akwai wurin da babu abin da za ki saya ki rufe shi, wato kai. Ƙwallon manya mai lamba 5 nauyinta ya haura giram 400, ta 'yan shekara 13 zuwa sama ce. 'Yan 8 zuwa 12 lamba 4 ce tasu, na ƙasa da haka lamba 3. Lambar na rubuce a jikin ƙwallon. Wuyan yaro bai yi ƙwarin da zai tare ƙwallon manya da ka ba. A Amurka tun 2015 aka hana 'yan shekara 10 zuwa ƙasa sa wa ƙwallo kai, Ingila ma a 2020 ta hana koya wa 'yan firamare hakan a wajen atisaye. In yara biyu suka yi karo da ka, ko yaro ya faɗi ya bugu, ƙwaƙwalwa kan girgiza a cikin ƙoƙon kai ko da ba jini ko ɗigo a waje. Alamarta ciwon kai, jiri, amai, gani dishi-dishi, yawan barci, ko ki ji yana maimaita tambaya guda. Wanda ya bugu a ka ba ya komawa wasa a ranar. In ya suma ko na ɗan lokaci ne, ko amai ya maimaitu, ko ciwon kan na ƙaruwa, asibiti za a nufa ko da tsakar dare ne. To yanzu ki gaya mini, jiri da ciwon kai wa ke ganinsu? Babu. Sai in yaron ya buɗe baki ya faɗa.

Kin ga mun iso ga rabi na biyu na zancenmu. Mu Hausawa muna renon yaro a kan kunya, kuma abin alfahari ne. Yaro ya durƙusa ya gaida babba, ya sunkuyar da kai, kada ya tsoma baki in manya na magana. Ban zo in rushe wannan ba. Amma akwai kunya, akwai nauyin baki, kuma mun daɗe muna haɗa su a tukunya ɗaya. Kunya ita ce ke hana ka aikata abin assha. Nauyin baki shi ne ke hana ka faɗin abin da ya wajaba a ji. Malamanmu na islamiyya sun sha gaya mana yadda Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yaba wa matan Madina saboda kunya ba ta hana su tambayar abin da ya shige musu duhu ba. Ashe tun can an raba su.

Dubi abin da shirun yaro ke iya ɓoyewa. Ranar 12 ga Agusta 1989, Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi a filin wasa na Surulere a Legas ana tsakiyar wasa da Angola, bai sake tashi ba, ciwon zuciya ne. Shi kuwa Nwankwo Kanu, a 1996 likitocin ƙungiyarsa a Italiya suka gano matsala a zuciyarsa wajen gwaji, aka yi masa aiki a Amurka, ya dawo ya ci gaba da wasa har ya sake zama gwarzon Afirka a 1999. Ɗanki ba shi da likitan ƙungiya. Gwajinsa kawai shi ne ya iya cewa, Umma, in na yi gudu ƙirjina na ciwo, ko numfashina na sarƙewa, ko na ga duhu na faɗi. Yaron da ya san cewa mari ne zai fara sauka kafin tambaya, ba zai faɗa ba.

Don haka gyaran daga gare ki zai fara. In ya shigo da ciwo, ki haɗiye faɗan tukuna. Wanke, duba, tambaya. In akwai faɗa a yi shi gobe da safe, ba ya tsami. Na biyu, ki saba masa da magana tun babu ciwo. Ya dawo daga fili, kina tankaɗe ko kina tsince shinkafa, ki ce zo ba ni labari, wa ya ci, kai ina ka tsaya, wa ya tokare ka? Ki bar shi ya kai ƙarshe, ko da yana in-ina, kada ki ƙarasa masa, kada ki bari yayyensa su yi masa dariya. Yaron da ya saba jera labarin wasa daga farko zuwa ƙarshe a gaban uwarsa, shi ne gobe zai ɗaga hannu a aji, ya tsaya a gaban malam ya ba da hadda murya ba ta rawa. Ni na gwada a kan nawa. Sannan ki sa masa kalmomi a baki, ku maimaita kamar karatun allo: Koci, na bugu a ka, zan fita. Koci, ƙafata ba ta taku. Ki ce masa idonsa na iya kallon ƙasa, wannan ladabi ne, amma muryarsa ta fito a ji. Ki kuma gaya masa a fili cewa duk babban da ya ce masa zo mu je wani wuri kada ka gaya wa kowa, ko ya taɓa shi inda bai dace ba, to wannan ne abin da za a fara gaya miki, kuma ba za a doke shi ba.

Saura ke kanki, 'yar'uwa. Da yawanmu mun fi yaran nauyin baki. Kina so ki ce wa maigida a sayo wa yaro takalmi, sai ki ji kamar za a ce kin goyi bayan shiririta, ko kishiya ta ce kin fifita naki. Sai ki yi shiru, ko kuwa ki bari sai ranki ya ɓaci ki faɗe shi cikin faɗa, ya zama ba a ji ba. Ki nemi lokacin da ya ci ya sha ya huta. Ki shirya maganarki tun da rana, ki faɗe ta da ƙarfi ke kaɗai a ɗaki sau biyu sau uku, don harshe ma sai da atisaye. Kada ki fara da dogon zagaye. Ki ce, Malam, yaran nan ko mun hana suna zuwa ƙwallo, jiya na ga ƙwaurin wane ya kumbura, ina ganin kuɗin kariya bai kai kuɗin ɗori ba. Kin lura na ce yaran nan. Ki haɗa da 'ya'yan abokiyar zamanki a roƙon, sai ki ga ta zama mai taya ki. In zuciyarki na bugawa, ja numfashi, ki yi bisimilla, ki faɗi jimlar farko. Ita ce mai nauyi, sauran biyo ta suke yi.

In ɗan fari ne kuma alkunya ta ɗaure ki, ba sai kin kira sunansa ba kafin ki duba ƙafarsa. Ki ja shi ɗaki, ko ki sa kakarsa ko gwaggonsa ta duba a gabanki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kocin ma kina da hanyar kai masa magana ba tare da kin taka waje ba. Yawancin masu horar da yaran unguwa samari ne masu sa kai, ba kuɗi ake biyansu ba, kuma suna jin daɗin a ce iyaye sun san da su. Ki aika babban wansa ko kawunsa ya je ya ga filin da idonsa, ya san sunan kocin da gidansu. Da izinin maigida a karɓo lambarsa, a tura masa saƙon murya: ɗana yana da asma, ga abin shaƙarsa a aljihu. Ko kuwa, in ya bugu a ka a fitar da shi a sanar da mu. Ki tambaya ko ana haɗa 'yan shekara 10 da ƙartin 'yan 17 a wasa ɗaya, don karayar yara da yawa daga nan take fitowa.

In abin ya kai ga asibiti, ko Babban Asibitin Kawo ne ko Barau Dikko, to nan ne nauyin baki ya fi tsada. Likita na da layi a bayanki, in kika sunkuyar da kai kika ce ba ya jin daɗi ne kawai, kin bar shi da lalube. Ki riƙe abu uku tun daga gida: yaushe abin ya faru, yaya ya faru, me aka ba shi ko aka shafa masa. Ki faɗi gaskiya ko da an je wajen mai ɗori ne. In ya yi bayani da Turanci ba ki gane ba, ki ce, Likita, don Allah a maimaita mini da Hausa. Haƙƙinki ne, ba rashin kunya ba ne.

Zancen ɗori kuwa sai an yi hattara. Ƙarshen ƙashin yaro, kusa da gaɓa, guringuntsi ne, daga nan ƙashin ke tsawo. Abin da muke kira targaɗe a ja a murza, a yaro sau da yawa tsagewa ce a daidai wannan wuri, in aka murza ta ba daidai ba ƙafa na iya tasowa a karkace ko ta gajarce. In yaro ya kasa taka ƙafa, a ɗauki hoton ƙashi kafin kowa ya ja. In kuma an riga an ɗaure da karare, ki riƙa duba yatsun. Suka yi sanyi, ko suka fara baƙi, ko ya ce ba ya jin su, ko azaba ta ƙaru maimakon ta ragu, ɗaurin ya toshe jini ne. Likitocin ƙashi, irin na asibitin Dala da ke Kano, sun daɗe suna kokawa kan yaran da ake kawo musu a makare har sai an yanke hannu ko ƙafa saboda wannan. A irin wannan dare ba a jiran gari ya waye, ba a kuma jin nauyin tayar da maigida daga barci, ko da ba ranar girkinki ba ce.

Wani ɗan abu kafin lokaci ya cimma mana. In aka buge wa yaro haƙorin girma ya fita ɗungurungum, kada a yar. A riƙe shi ta kansa, ban da saiwar, kada a kankare, a jefa shi cikin madara a kofi, a garzaya wurin likitan haƙori cikin awa guda, sau da yawa ana iya mayar da shi ya kama. Haƙorin nono ne ba a mayarwa. Ki gaya wa yaron wannan shi ma, don shi ne zai kasance a wurin, ba ke ba.